Rigar Dodo ta Baba Haladu

Kowa ya yi bisimilla tukuna. Sagir, ban ji taka ba. Yawwa. Ke kuma Uwani, janyo ƙafarki cikin tabarma, kada kyanwa ta goge ki ki cika mana gida da ihu Gwaggo ta fito ta kore mu. Ku matso. Ba zan ɗaga murya ba.

Akwai wani yaro, Nafi'u, shekararsa goma sha biyar. Ubansa, Baba Haladu, ɗan wasan barkwanci ne tun zamanin dandamali. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci. A lokacinsa, gyaran murya kawai zai yi mutane su fara riƙe ciki. To, zamani ya wuce shi, ga fuka ta kama masa ƙirji. Sai dai a kira shi ya fito a mai gadi ko mai rake, minti biyu a ce ya tafi gida.

Ana nan sai wani darakta, Badamasi, ya tashi yin fim na yara da iyayensu. Yaro ya yi abota da dodo, mutanen gari suna farautarsu, a yi gudu, a yi faɗuwa, a yi dariya. Ya ɗauki Nafi'u a yaron. Ya ɗauki uban a dodo saboda tsawonsa.

Badamasin nan, Allah ya raba ku da irinsa. Gajere ne, da baƙin tabarau, da ƴar lasifika a hannu ko da kana tsaye a gaban hancinsa. Bai iya sannu ba. Abin da ya iya a duniya shi ne, "A sake."

Suka kwashi kaya suka tafi wani kufai a bayan ƙauyen Ƙirya. Katangu sun zube, ba kowa sai ƙadangaru, sai wata tsohuwar rijiya da ba a ganin ƙasanta. Mai unguwa ya raka su har bakin wurin, bai shiga ba. Ya ce, "Ku yi aikinku da safe, ku yi da yamma. Amma in inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, ku bar wurin sai ta sake fitowa. Lokacin masu wuri ne."

Badamasi ya yi dariya ta cikin lasifika. "Baba, mu ma da namu dodon muka zo."

To, ga inda suka yi kuskure. Badamasi ya ce ba ya son dodo irin na finafinan waje, na gida yake so. Sai ya tura telansa wurin wata tsohuwa a ƙauyen, wadda aka ce tun tana yarinya ta taɓa ganin abin da ke cikin rijiyar. Tsohuwa ta ƙi. Aka lallashe ta da goro har ta faɗa. Gashi ja-ja irin na bunsuru. Hannaye har ƙasan gwiwa. Ƙaho biyu, na hagu a karye. Fari a ƙirji kamar tafin hannu. Tela ya zauna ya ɗinka daidai yadda ta ce, da buhun algarara da fatun awaki, kan kuma da babbar ƙwarya.

Ba a sa wa rigar zif ba. Badamasi ya ce zif zai fito a kyamara. Saboda haka kullum da safe sai Baba Haladu ya shiga, tela ya ɗinke shi ta baya da basilla da igiyar rama, daga wuya har ƙugu. Ba a farkewa sai yamma. Ruwa ma ta ramin bakin ƙwarya ake zura masa. Kuma a tsakiyar bazara ne, lokacin da ko kare ba ya taka ƙasa da rana.

Akwai wani wuri a fim ɗin da samari shida za su ritsa dodo su yi ta jibga, shi kuma Nafi'u ya rugo ya faɗa a kansa ya ce, "Ku ƙyale shi, abokina ne!" Da farko da karan dawa ake dukan. Karan ya yi ta karyewa. Badamasi ya ce ƙarya ta fito fili, a yanko tsumagun tsamiya masu kauri.

Nafi'u ya ce, "Yallaɓai, ba shi da lafiya fa."

"Akwai fata a jikinsa. Ko kai ne daraktan?"

Daga cikin ƙwarya Baba Haladu ya ce, "Bari, Nafi'u. Aiki ne."

Rana ta biyu, aka tashi cin abinci da tsakar rana. Kowa ya ruga inuwar mota. Nafi'u ya ɗauki ƙoƙon fura ya tafi neman ubansa. Ya hango dodo zaune a bakin rijiya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sauko daga nan mana. Wurin ya tsufa."



Ya matsa ya kai ludayi bakin. Sai aka karɓi ƙoƙon gaba ɗaya aka kafa kai. Nafi'u ya ɗan yi mamaki, don ƙwarya ba ta buɗe baki. Amma ya ce ƙila yunwa ce. Ya zaga baya, don yana so ya sa yatsa ya ɗan sassauta ɗinkin iska ta shiga.

Ya shafa. Ya sake shafawa. Babu ɗinki.

Gashi ne kawai, da ɗumi, yana hawa yana sauka a hankali.

Ya dubi ƙasa. Ubansa takalmin roba yake sawa, wanda aka shafa wa baƙin fenti. Waɗannan ƙafafu ba takalmi. Diddige ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Can kuma, daga bayan wata katanga mai nisa, ya ji tarin ubansa.

Uwani, sake min hannu, za ki karya ni.

Nafi'u bai gudu ba. Ba jarumta ba ce, ƙafafun ne suka ƙi. Abin ya miƙo masa ƙoƙo. Da ya yi magana, muryar kamar mutum ya sa baki cikin tulu marar ruwa.

"Ƙaro."

"Ta… ta ƙare."

"Wancan na bayan katanga. Wa ya haife shi?"

"Ubana ne. Mutum ne. Riga ce aka ɗinka masa."

Abin ya waiwaya wajen katangar. Sannan ya ce, "Riga." Ya sake cewa, "Riga. Na ɗauka irina ne. Na daɗe ban ga nawa ba."

Tausayi ya kama Nafi'u, tsoron ya ɗan sake shi.

"Me ya yi suke dukansa?"

"Wasa ne. Don mutane su yi dariya."

"Shi yana dariya?"

"A'a."

"To ba wasa ba ne."

Nafi'u ya ɗan kau da ido, ya ga inuwarsa ta leƙo daga gefen ƙafa. Da ya ɗago, bakin rijiya ba kowa, sai ƙoƙo a kife.

Da wani yaron ne, da ya kwana da zazzaɓi. Shi wannan, washegari ma da ƙuli-ƙuli ya koma. Bai gaya wa kowa ba. Ya sa masa suna Mai-rijiya, suka zama abokai, iya ɗan lokacin nan da inuwa take ɓuya, wanda bai wuce a dafa shayi a sha ba. Mai-rijiya yana cin ƙuli-ƙuli har da ledar. Nafi'u ya ɗauke shi hoto a waya, hoton ya fito rijiya kawai, shi kuma ya karɓi wayar yana leƙa bayanta yana neman inda aka ɓoye shi. Ya iya kwaikwayon tafiyar Badamasi, ya turo ciki gaba ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da lasifika. Ranar Nafi'u ya yi dariyar da ya manta rabonsa da ita. Wani lokaci kuma Mai-rijiya ya juya wajen katangar nan ya hura iska a hankali. Sai ka ji Baba Haladu daga can yana cewa, "Kai, alhamdu lillahi, yau wurin nan da sanyi."

Rana ta biyar, Badamasi ya kalli abin da aka ɗauka ya ce dukan bai ba shi dariya ba. Za a maimaita tun daga farko.

Tun hantsi aka fara. Samari su rufar wa dodo, Nafi'u ya rugo ya faɗi maganarsa, Badamasi ya ce, "A sake." Wai dodo bai yi tsalle sosai ba. A sake. Wai bai riƙe ɗuwawu ba. A sake. Wai wani ya kalli kyamara. Nafi'u yana ƙirgawa a ransa, haƙoransa a cije. Sau goma sha bakwai.

A na goma sha bakwai Baba Haladu ya faɗi bai tashi ba. Daga cikin ƙwarya sai wani fito siriri kake ji, kamar butar shayi ta fara tafasa.

Nafi'u ya ruga wurin tela. "Reza! Ba ni reza!"

Tela ya zaro. Badamasi ya riga shi karɓa.

"Awa guda ake ɗinkin nan. Kafin a sake ɗinke shi rana ta juya."

"Yallaɓai, don Allah. Don girman Allah. Numfashinsa ne."

Badamasi ya wurga rezar cikin rijiya. Ba a ji faɗuwarta ba. Ya zo ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da gindin lasifika, ƙwam, ƙwam. "Haladu. Kai da aka taimaka aka tono ka daga inda aka manta da kai? Minti goma na ba ka. Ka tashi ko in sa a ja ka." Ya sa ƙafa ya ture kan, ƙwaryar ta juya ƙeya ta dawo gaba. Wasu ma har suka yi dariya. Wallahi ni da nake ba ku labarin, duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci.

Nafi'u bai yi kuka ba. Ya kama ubansa ta hammata ya ja shi, ya ja shi, har bayan katanga. Ya sa haƙori a igiyar rama. Igiya ta ƙi. Ya dubi ƙasa, inuwarsa ta shige.

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

Mai-rijiya ya tsuguna. Ya sa farce ɗaya a wuyan rigar ya ja ƙasa, ɗinki ya buɗe kamar an ɓare gyaɗa. Suka zare ƙwaryar. Leɓen Baba Haladu ya yi baƙi, idanu a rufe. Bayansa kuwa, Allah kada ya nuna muku. Fatar akuya ba ta tare komai ba. Shatar tsumagiya a kan shatar tsumagiya, wasu sun fashe.

Mai-rijiya ya sa kunne a ƙirjinsa.

"Zafi ya shige ciki. Zan iya ciro shi."

"Ciro!"

"Zan kuma iya fita musu in rama masa."

Nafi'u ya waiwaya wajen da su Badamasi suke.

"Wanne?"

"Duka biyun."

"Wanne farko? Inuwa ba ta jira."

Nafi'u ya dubi fuskar ubansa. Yana numfashi, ko da ƙyar. Ya dubi bayan. Ya ji Badamasi can yana dariya da wani. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Fara da Badamasi."

Ni dai ban ga laifinsa ba a nan. Da ni ce, abin da zan faɗa ke nan.

Mai-rijiya ya miƙe. "Maganarka ce za ta tsayar. Wadda kake faɗa kullum. In ka faɗa, na dawo wurin tsoho."

Ya fita daga bayan katanga yana ɗingishi, kai a sunkuye, sak Baba Haladu. Ba wanda ya dubi ƙafafunsa.

Badamasi ya tafa. "Kun gani? Da ma ƙarya yake. Kowa ya koma wurinsa. Akshin!"

Samari shida suka ɗaga tsumagu suka sauke.

Ba a ji ƙara a jikin dodo ba. Kamar sun doki hayaƙi. Ƙarar daga bayan kyamara ta fito, fyaɗ, sau shida a haɗe. Badamasi ya gantsare ya saki lasifika. Rigarsa ta tsage a baya.

Ya waiga. Ba kowa a bayansa.

Ya buɗe baki zai ce a tsaya. Kowa ya ga yadda leɓensa ya so ya motsa. Amma abin da ya fito shi ne, "A sake."

Hannayen samari suka tashi da kansu. Ɗaya ya ce, "Wayyo, ba ni ba ne!" Suka sauke. Fyaɗ.

"A sake."

Fyaɗ.

Mai kyamara ya so ya gudu, idonsa ya manne a jikin na'urar. Sauran jama'a suka daskare inda suke. Ba tsuntsu, ba iska. Sai ƙarar tsumagiya, sai muryar mutum yana yanke wa kansa hukunci. Nafi'u yana tsaye a inda aka saba tsayar da shi ya jira lokacin shigowarsa. Hannunsa a ƙasa, yana lanƙwasa yatsu. Huɗu. Biyar. Shida.

A na takwas Badamasi ya durƙusa. A na goma tabarau ya faɗi, aka ga idanunsa, ƙanana, jajaye, cike da hawaye. Ya dubi dodon. Ya dubi ƙafafun. Sannan ya juyo wurin Nafi'u, don ya gane wanda ke riƙe da abin. Ya rarrafo ya ɗaga hannaye biyu yana roƙo. Bakinsa ya ce, "A sake."

Nafi'u ya ji daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

Goma sha ɗaya. Goma sha biyu.

A nan ne dodon ya ɗago kai daga tsakiyar samari ya dubi Nafi'u. Ya sauke ido zuwa ƙafar yaron.

Nafi'u ya duba. Inuwa ta leƙo. Faɗin yatsa ɗaya.

Ya san ma'anarta. Kada wani ya ce muku bai sani ba. Ya ji fiton ƙirjin ubansa daga bayan katanga, ya ƙara siranta. Maganar tana kan harshensa. Amma ya dubi yatsunsa, ya ce a ransa, goma sha bakwai aka yi wa Baba. Saura biyar.

Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Da ta cika, bai ma ruga ba. Takowa ya yi. Ya tsaya a gaban samarin ya ce, "Ku ƙyale shi. Abokina ne."

Tsumagu suka zube. Samari suka zube. Badamasi ya kife da fuska a ƙasa.

Mai-rijiya ya juya wajen katanga da sauri, Nafi'u yana binsa. Amma tun kafin su isa, yaron ya fara hango tubalin katangar ta cikin bayansa. Mai-rijiya ya tsuguna ya kafa baki a ƙirjin tsoho ya zuƙa. Wani tururi ya fara fita, baƙin leɓen ya fara washewa. Ya sake zuƙa. Hannayensa suka ɓace. Ƙahonsa ya ɓace. Zuƙa ta uku ba ta kai ƙarshe ba.

Nafi'u ya ruga bakin rijiya. "Dawo! Don Allah ka dawo ka ƙarasa!"

Daga can ƙasa, nesa ƙwarai, muryar ta taso.

"Rabi na samu."

Bai sake jin ta ba. Ya koma washegari da ƙuli-ƙuli, ya koma jibi, ya yi sati yana komawa. Rijiya ce kawai.

Badamasi a kife aka sa shi cikin mota. Wata huɗu yana kwance rub da ciki. Fim bai fito ba, don da aka duba abin da kyamara ta ɗauka, samari shida ne suna dukan ƙasa, da wani yaro a gefe yana lanƙwasa yatsu. Badamasi ya bar sana'ar. An ce har yau ba ya iya jingina da kujera. Ni ko kaɗan ban tausaya masa ba, kuma ba zan tausaya ba.

Baba Haladu ya rayu. Da rabin numfashi ya rayu. Ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya a tsakiya. Daga gida zuwa masallaci sai ya huta sau biyu, Nafi'u na riƙe da hannunsa. Dariya kuwa an raba shi da ita, don da ya fara sai ta shaƙe shi ya yi ta tari har hawaye. Abokansa na dā suka daina kawo masa ziyara, kada su faɗi abin dariya a gabansa.

Wata rana da la'asar suna kan hanya, ya tsaya hutun farko, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Nafi'u. Ranar nan… wa ya farke min ɗinkin?"

"Wani abokina ne, Baba."

"Allah ya saka masa." Ya ja numfashi. Ya sake ja. "Kai ma… Allah ya yi maka albarka. Na san ba ka… matsa daga kaina ba."

Nafi'u ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ce, "Amin, Baba."

Har yau bai gaya masa ba.

To, kun ji. Kada wanda ya kuskura ya shiga kufai shi kaɗai da tsakar rana, ko akuyar gidanku ce ta ɓata a ciki. Sagir, me kake ƙirgawa da yatsu? Sauke hannunka. Ku tashi ku yi addu'a, ku shiga ɗaki bibbiyu.